Bayan An Rubuta "Ƙarshe": Lacca Kan Sake Rubuta Ƙagaggen Labari

Shugaban wannan zama, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, 'yan'uwana marubuta na cikin Haɗeja da waɗanda suka taso daga Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa da Birniwa, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan gyaran littafi. Zan tsaya a kan ƙagaggen labari, kuma a kan lokaci ɗaya tak cikin rayuwarsa, wato tsakanin ranar da marubuci ya ajiye biro ya ce alhamdu lillahi na gama, da ranar da littafin ya shiga hannun mai karatu. A wurin yawancinmu wannan tsakanin bai wuce kwanakin da mai taifin zai ɗauka ba. A wurin masu rubutu a waya ma babu shi sam: kafin babban yatsa ya huta, feji ya isa ga mutum dubu. Ni kuwa abin da na zo da shi shi ne, a cikin wannan tsakanin ake yin littafi. Abin da ka kammala ran nan daftari ne. Da shi ka gano labarin da kake son bayarwa, saura ka zauna ka ba da shi.

Bari mu koma inda abin ya faro, don kada wani ya ce wata sabuwar bidi'a ce na kawo. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi. Ku dubi bangon Jiki Magayi, suna biyu za ku gani, John Tafida da East kansa. Hannun mai gyara ya shiga aikin har ya kai ga an rubuta sunansa. Ke nan ƙagaggen labarin Hausa na boko, tun ranar sunansa akwai mai karatu na biyu zaune a gefensa da jan biro.

Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya yi wajen wata shida yana aiki ɗaya, shi ne Magana Jari Ce. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, shi kuma ya yi ta karantawa yana rubutawa, suna zama suna dubawa. Labarin Sarkin Busa asalinsa tatsuniya ce ta wani gari a Jamus. Kalala da Kalalatu ma daga can tushensa yake. Amma wane Bahaushe ne ya karanta su a firamare ya ji ƙanshin baƙunta? Imam ya sake musu gari, ya sake musu suna da sana'a da abin dariya, ya cusa musu karin magana, ya ɗora su a bakin aku. Littafin da muke ɗauka a matsayin ma'aunin daɗin Hausa, kusan gaba ɗayansa sake rubutu ne.

Ba ina wanke East ba ne. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, littattafan makaranta yake nema, kuma yana da nasa son rai game da abin da ya dace Bahaushe ya karanta. Manazarta sun yi magana a kan haka, suna da hujja. Abin da nake nunawa shi ne tsarin aikin: a rubuta, wani ya karanta da idon basira, a koma a sake. Wannan tsari ya ci gaba a hukumar adabi ta NORLA cikin shekarun 1950, ya ci gaba a kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966, wanda gasarsa ta fito mana da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980.

Sai tattalin arziki ya karye. Cikin shekarun 1980 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, matasa kuma suka ce ba za su jira ba. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna. Suka kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, suka sayar a kasuwa. Ni ba na cikin masu raina wannan zamani. Su suka sa matan aure da 'yanmata karatun Hausa a cikin ɗakunansu, abin da hukuma ta yi shekaru tana nema ba ta samu ba. Amma an yi asarar abu ɗaya a hanya, edita ya ɓace. Sannan ga al'adar raba littafi kashi-kashi: kuɗin na ɗaya ake buga na biyu da shi, na biyu ya buga na uku. Ku lura da abin da hakan ke nufi. Farkon labari ya riga ya shiga kasuwar Sabon Gari tun marubuci bai san yadda ƙarshensa zai kasance ba. In ya kai littafi na uku ya gane cewa kishiyar da ya kashe a na ɗaya ita ce ya kamata ta warware rikicin, ba shi da hanyar komawa. Sai dai ya ce ashe ba ta mutu ba, suma ta yi.

Rubutun WhatsApp da Wattpad ya gaji wannan ciwo ya ƙara masa. Kullum sai an saki feji, masu karatu na jira, wasu sun biya kuɗi. In suka ce suna son wane, sai a ƙara masa babi biyar ko da labari ba ya bukatarsa. Na san 'yan'uwa mata da yawa a ɗakin nan da wannan suke rufa wa kansu asiri, ba zan ce su daina ba. Shawarata dai ita ce a gama daftari duka kafin a saki fejin farko. Wadda kuma ta riga ta saki, idan ta tashi mayar da shi littafi, ta ɗauke shi a matsayin rubutun farko, ta sake bin sa daga tushe.

Malamanmu na zaure ba za su ji baƙon abu a nan ba. An ruwaito cewa Imamu Malik ya yi shekaru wajen arba'in yana bitar Muwaɗɗa, kuma yawanci ragewa yake yi. Imamu Shafi'i ya rubuta Risala a Iraƙi, da ya koma Masar ya sake rubuta ta. Zuhairu ɗan Abi Sulma, mawaƙin jahiliyya, an san shi da riƙe ƙasida shekara guda yana tace ta kafin ya bari a ji. Wanda ya ce gyara alamar rashin baiwa ce, sai ya faɗa mana wanne ne marar baiwa cikin waɗannan.

To yaya ake yi? Abu na farko, a ajiye daftarin. Sati shida, wata biyu, gwargwadon abin da zai sa ka manta daɗin jimlolinka. Muddin kana iya karanto su da ka, idonka ba zai ga abin da ke kan takarda ba, abin da ke cikin ranka zai riƙa gani. Idan ka dawo, ka buga shi a takarda in da hali, ka karanta daga farko har ƙarshe a zama ɗaya ko biyu, kuma kada ka gyara harafi ko ɗaya. Alama kawai za ka riƙa yi a gefe duk inda ka ji hankalinka ya tafi wani wuri, ko ka ji kana son tsallake shafi. Inda kai mai shi ka gaji, mai karatu ya daɗe da yin barci.

Ku mutanen kogin Haɗeja kun san kacalla. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwa ya daina ɗaukewa da rani yadda ya saba, ciyawar nan ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake bukatarsa ya ƙi zuwa, inda ba a so ya malale ya cinye gona, ita kuma ta zama gidan tsuntsayen jan-baki. Abin lura shi ne, a ido ta fi komai kyau a fadamar, kore shar, ta fi mutum tsawo. Haka shafukan da ke toshe labari suke. Galibi su ne waɗanda marubuci ya fi ƙauna: bikin da aka yi babi uku ana kwatanta leshi da kayan lefe, wa'azin da limami ya yi na shafi goma, tarihin kakannin tauraro tun daga hijirarsu. Kuma duk wanda ya taɓa aikin gayyar yankan kacalla ya san in ka sare ta a sama, sati kaɗan ta dawo, sai an yanke ta ƙarƙashin ruwa. Idan babi ya yi nauyi, rage masa jimla biyu-uku ba ya magani. Ka nemi dalilin da ya sa ya tsiro. Sau da yawa za ka tarar marubuci bai san abin da zai faru gaba ba ne, sai ya tsaya yana zuba magana yana jiran dabara ta zo.

Chinua Achebe ya yi irin wannan yanka. Daftarinsa na farko doguwar hikaya ce ta zuriya uku, kaka da ɗa da jika. Ya je Landan kwas a BBC a 1956, wani malami a can mai suna Gilbert Phelps ya karanta ya yaba. Achebe ya dawo gida ya sake zama a kansa, ya cire kashi na biyu da na uku, ya bar labarin kakan kaɗai ya faɗaɗa shi. Shi ne Things Fall Apart da ya fito a 1958. Labarin jikan bai tafi a banza ba, ya zama littafi mai zaman kansa, No Longer at Ease, a 1960. Saboda haka abin da ka yanke kada ka ƙona, ka buɗe masa jaka ta daban. Af, tun da mun zo nan: kwafi ɗaya tilo da yake da shi na rubutun hannu ya aika wa masu taifin a Landan, suka yi watanni suka yi watsi da shi, sai da shugabarsa a wurin aiki ta je ta matsa musu. Da ya ɓata, shi ke nan. Mai littafi a cikin waya ɗaya, ya ji da kyau.

Yanzu bari in nuna abin a kusa. Na ƙirƙiri wani sakin layi don wannan zama, irin wanda duk mai duba daftarin matasa ya saba gani:

"Hauwa'u yarinya ce kyakkyawa son kowa ƙin wanda ya rasa, doguwa, fara, mai dara-daran idanu. Ta kasance mai ladabi da biyayya da haƙuri. Mahaifinta Malam Sale masunci ne, talaka amma mai wadatar zuci. Wata rana da daddare sai ambaliya ta auka wa garinsu, hankalin kowa ya tashi matuƙa, Hauwa'u ta shiga tsananin tashin hankali marar misaltuwa."

Babu kuskuren nahawu a ciki. Kai shi wurin mai duba ƙa'idojin rubutu, zai dawo maka da shi ya ce lafiya lau. Amma wa kuka gani? Wannan Hauwa'un tana cikin littafi ɗari. An gaya mana tana da haƙuri, ba mu ga abin da ta haƙura da shi ba. An ce hankali ya tashi, namu yana kwance. Ga shi bayan an sake:

"Sanyi ne ya tashe ta, ta ƙafa. Ta laluba tabarma ta ji ta sharkaf, takalminta ɗaya yana yawo a bakin ƙofa. A tsakar gida Baba na ta kokawa da igiyar akuya, bai ko tashi kowa ba. Hauwa'u ta ɗauki ragowar geron da ke cikin buhu ta aza a ka, ta sauke, ta sungumi ƙaninta, ta sake waiwayar buhun."

Ba a ambaci tsoro ba, ba a ambaci talauci ba, duka biyun suna nan. Amma ku dubi abin da ya faru ba da niyya ba. Uban da ya fara ta akuya kafin 'ya'yansa, wane irin mutum ne? Mugu ne, ko kuwa ya san in akuyar ta tafi babu abin da za a sayar a ci har kaka? Daftarin farko ya ce mana "mai wadatar zuci" ya wuce. Na biyu ya buɗe tambayar da za ta iya ɗaukar littafi guda. Wataƙila ma marubucin ya gano cewa labarin na uba da 'yarsa ne, saurayin nan ɗan Abuja mai mota da ya ɓata wa babi takwas ba shi da aiki a ciki. Idan haka ta faru, a buɗe sabon shafi fari a fara daga farko, tsohon daftari yana gefe ana leƙawa. Masu kwamfuta sun fi faɗawa tarkon faci, domin sauya kalma ya yi sauƙi, sai a yi ta shafa wa gini fenti alhali harsashinsa ne ya karkace.

Bayan gini ya tsaya, sai lissafi. Ka ɗauki takarda ka jera abin da ya faru da watan da ya faru. A nan ake kama cikin da ya yi wata goma sha huɗu, da yaron da aka haifa bara yau yana aji uku, da Ladidi da ta koma Larai a babi na tara. Mai rubutu a kan wannan yanki yana da ƙarin alƙali, wato kogi. Ruwa yana cika ne wajen Agusta da Satumba, bayan an sha ruwan sama a ƙasar Kano. Shinkafar fadama sai ruwa ya ja ake yankanta, alkama da tattasai na rani ne, shanu kuma bayan girbi suke gangarowa fadamun Guri da Kiri Kasamma, lokacin da rigimar manoma da makiyaya ta fi tashi. Ka sa an yanki alkama ana tsakiyar ambaliya, manomin Auyo zai rufe littafin, kuma ba zai ƙara yarda da kai ba ko a kan soyayyar.

Haka mai son rubuta labarin tarihi, kuma ina fata a cikinku a sami wanda zai yi, domin garin nan yana zaune a kan labaran da ba a taɓa ba: zamanin Sarki Buhari da ya yi wa Sakkwato tawaye, da ranar 25 ga Afrilu 1906 da Turawa suka shigo Sarki Muhammadu ya yi shahada da jama'arsa. In tauraronka ya tsira daga wannan yaƙi, kada ka sa shi ya hau jirgin ƙasa a Malam Madori ya gudu. Layin dogo bai isa Kano ba sai 1911, reshen Nguru kuma sai wajen 1930. Kada ya biya kuɗin masauki da naira, wuri ake kashewa. Daftarin farko ba ya tsayawa binciken irin wannan, kuma daidai ne, da ya tsaya ba zai ƙare ba. Aikin zagaye na biyu ne: a je wurin dattawa, a je fada, a buɗe littattafan tarihi.

Sai magana a bakin taurari. Maganin wannan ɗaya ne, karatu da murya. Mu'azu Haɗeja da sauran marubuta waƙa ba su da matsalar da muke da ita, domin waƙa sai an rera, kunne kuwa ba ya yafe karyewar kari. Mu masu zube mun ɗauka an ɗauke mana wannan. Ka karanta hirar da ka rubuta da ƙarfi, a gaban ƙanwarka ko matarka. In tsohuwa mai sayar da kifi a kasuwar Haɗeja ta buɗe baki ta yi magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai, za ka ji kunya tun kafin a gaya maka. In yarinya ta dubi mahaifinta ta kira sunansa gatsau, ko miji da mata suna hira irin ta fim ɗin Indiya da aka fassara, kunne zai kama. Ra'ayina game da karin harshe shi ne, mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa don na Sakkwato da na Maraɗi su bi shi, amma a bar mutanen cikin labari su yi maganar garinsu. Bahaɗeje ya yi Haɗejanci, Bagudduri ya yi Gudduranci, mai gyara kuma kada ya goge musu shi da sunan ƙa'ida.

Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe, kuma da gangan na bar su a ƙarshe, don su kaɗai muka saba kira gyara. A raba "ba shi" da "bashi", a sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu, a rufe alamar zance in an buɗe ta. Wajibi ne, amma ba a yin sa sai an tabbata shafin zai zauna. Wahalar banza ce ka yini kana daidaita waƙafi a babin da gobe za ka cire.

Saura mai karatu na biyu, tun da babu kamfanin da zai ba mu shi. Kada ka ba wanda zai ji nauyinka. Mahaifiyarka za ta sa maka albarka, abokinka zai ce ya yi ma'ana, ka tashi ba ka ƙaru da komai ba. Nemi mutum biyu ko uku masu karatu da yawa, ɗaya a cikinsu ya kasance ya san duniyar labarin, masunci in na su ne, ma'aikaciyar jinya in na asibiti ne. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Tambaye su a ina suka ajiye suka tafi wani aiki, wa suka manta da shi, me suka zata zai faru. Idan suna magana ka kame bakinka, domin ba za ka bi kowane kwafi gida-gida kana bayanin abin da kake nufi ba. Idan biyu suka nuna wuri ɗaya, akwai ciwo a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ne ba. Maganin naka ne. Wanda kuma ya ɗauki edita na sosai, ya biya shi kamar yadda yake biyan mai zanen bango, ya sa kuɗin cikin lissafin bugu tun farko.

'Yan'uwa mata da suka taɓa shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sun riga sun ɗanɗani abin da nake faɗa. An ƙayyade kalmomi, ba za a wuce 1,500 ba, dole ki zauna ki zaɓi wace jimla za ta rayu. Da yawa a nan suka fara gane cewa labarinsu a shafi na uku ya fara. Wannan horon nake so a ɗauka a kai kan dogon labari, inda babu mai ƙirga miki.

Na ga shugaba ya ɗago mini takarda. Roƙona ɗaya ne kafin a shiga tambayoyi. Duk mai daftari a gida ya rubuta sunansa da jigon labarinsa a takardar da za a zagaya da ita, a haɗa ku bibbiyu, wanda ba ku saba da juna ba ya fi. Ku yi musaya, kowa ya karanta na ɗan'uwansa da fensir, a sa rana bayan girbi a dawo nan da daftarin farko da na biyu a ajiye su gefe da gefe. Masu tambaya a kan kuɗin bugu da masu maɗaba'a, ku ɗan dakata, malam na gaba shi zai yi wannan.